Taku Nawa Ya Ishi Mai Ciwon Gwiwa?

Tambaya: Likita ya ce mahaifiyata tana da amosanin gaɓɓai a gwiwa, ya ce ta riƙa motsa jiki. Ita kuwa ta ce ai wuni take kai-kawo a gida. Yaya za mu gane ko ya isa? Kuma tafiya ba za ta ƙara cinye gwiwar ba? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, Malam. Tafiya daidai ƙarfi ba ta cinye gwiwa. Zama ne yake raunana naman cinya, wanda shi ke tallafe gaɓar, ciwon kuma ya ƙaru.

Batun wuni ana kai-kawo kuwa, kusan kowa haka yake faɗa, kuma ba ƙarya ake nufi ba: gajiya ce mutum yake tunawa, ba yawan motsin ba. Shi ya sa masu bincike suke ɗaura wa mutum wata 'yar na'ura a ƙugu har kwana 7, ta riƙa ƙirga motsinsa. Da aka yi haka ga masu wannan ciwo sama da 1,000 a Amurka, rahoton 2011 ya nuna maza kusan 13 cikin 100 ne, mata kuma kusan 8, suka cika ma'aunin minti 150 na motsa jiki a mako, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ma take ba da shawara a kai. Wani binciken na 2014, shi ma a Amurka, ya gano cewa masu yin taku 6,000 a rana sun fi tsira daga matsalar tashi, tafiya da hawa bene bayan shekara 2. Ba lallai sai 10,000 da ake yayatawa ba.

Wayar hannu tana ƙirga taku, sai dai zani ba shi da aljihu, wayar da ke kan katifa kuwa ba ta san an je madafa ba. Ku sa mata ita a 'yar jaka ta rataya tsawon mako guda, ku rubuta adadin kowace rana. Wayar takan kasa kama takun mai tafiya a hankali, don haka kada ƙarancin lambar ya tsorata ku. Daga nan sai ta riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ko da zagayen tsakar gida ne bayan la'asar.

Ɗan ciwo lokacin tafiya ba laifi ba ne. Idan ya kai washegari bai lafa ba, ta rage. Idan gwiwar ta kumbura ta yi zafi, ku koma wurin likita.