Gidan 'Yartsana na Kara da Yumɓu: Darasi Daga Yaran Tsohuwar Maiduguri

Gabatarwa

Mu ɗaliban harshe mun saba neman kalmomi a cikin ƙamus ko a bakin tsofaffi, amma akwai wata taska da ba mu cika waiwayarta ba, wato wasan yara. Wannan darasi ya shafi ɓangare ɗaya ne na wasan 'yartsana: yadda ake gina mata gida da abubuwan da ke kewaye da shi, katanga da rumbu da rijiya da bishiya, da kayan da idan an gama wasa za su koma ƙasa ba tare da sun gurɓata muhalli ba. Zan bayyana aikin kamar yadda na gan shi a hannun yara a Tsohuwar Maiduguri, ina kuma tsayawa a kan kalmomin da yake fito da su, domin nan ne namu rabon yake.

Tsohuwar Maiduguri, wadda mazauna ke kira Old Maiduguri, tana cikin ƙaramar hukumar Jere. Ta girmi Yerwa, wadda Shehu Abubakar Garbai ya mayar mazaunin sarautar Borno a 1907. Ƙasar Barebari ce, amma a bakin titi yaran Barebari da na Shuwa da na Hausawa da na Margi da Hausa suke wasa, da ita kuma suke faɗa. Saboda haka wuri ne mai kyau na ganin kalmar da ke da rai da wadda ta fara suma.

Sana'ar ba ta yara kaɗai ba ce

Kada mai karatu ya raina abin. A 1920 masu tonon kayan tarihi suka buɗe kabarin wani babban bafade mai suna Meketre a ƙasar Masar, suka tarar da 'yan gine-ginen katako da suka kai shekara 4000: ga rumbu, ga garken shanu, ga lambu da bishiyoyinsa. Da su masana ke gane yadda gidan Bamisire yake a wancan zamani. A Ingila kuwa, gidan 'yartsanar da aka kammala wa Sarauniya Mary a 1924 yana fadar Windsor, an yi shi bisa awon 1 bisa 12, wato inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya. Masu wannan sha'awa a Turai da Amurka sun daɗe suna yin duwatsu da farin soson nan da ake naɗe rediyo da talabijin a ciki, ciyawa kuma ta roba, daga baya wasunsu suka fara neman kayan da ke ruɓewa. Irin wannan soso ne gwamnatin Legas ta hana zuba abinci a ciki a watan Janairu 2024. Abin da suke nema ɗin, shi yaranmu suka gada.

Awo da fili

Yarinya ba ta san 1 bisa 12 ba, amma tana da doka ɗaya da ba ta karyawa: dole 'yartsana ta shige ƙofa a tsaye. Idan muka bi lissafi, ƙofa mai tsawon mita 1.8 za ta zama santimita 15, ɗaki mai faɗin mita 3 ya zama santimita 25, turmi mai santimita 60 ya dawo 5. Bishiya ce ke kawo rikici, domin mai mita 6 za ta kai rabin mita, ta rinjayi gidan gaba ɗaya, shi ya sa ake rage mata tsawo da gangan. Yaran da na gani da taƙi suke awo, filin gidan kuma bai cika wuce kamu ɗaya da rabi ba.

Ana samun tsohon kwali ko guntun tabarmar kaba a shimfiɗa, a yaɓa kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai kaurin yatsa, a daɓe da bayan cokali ko dutse mai sulɓi. Kalmar daɓe ta cancanci a lura da ita. Aikin mata ne na taron dangi, da maɗabi da waƙoƙinsa, amma siminti ya kore shi, yau a wannan wasa ne kawai yaro zai ji an ce masa ya daɓe wani abu.

Kara

Kara shi ne uban tafiya, kuma a nan kalmomi suka fi yawa. Karan dawa yana da gaɓa-gaɓa. Ɓawonsa na waje mai tauri ne da kaifi, idan an tsaga shi siri-siri yana aikin ƙusa da azara. Farin abin da ke ciki mai laushi shi ne totuwa, kalmar da ake faɗa wa sandar masara bayan an cinye ƙwayar. Siririyar gaɓar can sama da ke ɗauke da zangarniya ita ce sille, zangarniyar da aka sussuke kuma soshiya. Dabarar dukan aikin guda ce: mai tauri yana shiga mai laushi. A yanka totuwa gunduwa-gunduwa, a feƙe ɓawo, a soka shi ciki, sai su kama juna ba ƙusa ba gam. Da haka ake yin gadon amarya da kujera da tsani da ƙyauren ɗaki, da haka kuma yara maza ke yin motar kara.

Ga danga, sai a jera sille a kakkafa cikin ƙasar tun tana ɗanya, a ɗaure tsakiyarsu da zaren kaba. A nan zan so ɗalibi ya bambance kalmomi uku da muke cakuɗawa. Darni shingen kara ne. Zana saƙaƙƙiyar ciyawa ce, galibi gamba, da ake jinginawa a jikin dirkoki. Danga ta fi su faɗin ma'ana, tana iya ɗaukar kowane shinge. Na tambayi yara da dama sunan abin da suka kafa, duk suka ce danga, tsohuwar da ke zaune kusa da su ce kaɗai ta ce darni. A nawa ganin haka kalma ke mutuwa: babbar 'yar'uwarta ce ke haɗiye ta a hankali.

Gargaɗi ɗaya. Ɓawon kara yana yanka hannu kamar reza, don haka babba ya tsaga, yaro ya soka.

Ƙasa

Borno tana da baƙar laka mai danƙo da Barebari ke kira firki, wadda ake dasa masakwa a cikinta bayan ruwa ya janye. Tana da daɗin mulmulawa, amma tana darewa idan ta bushe, kamar yadda take yi a fadama da rani. Maganinta shi ne a cuɗa ta da yashi kaɗan da ƙaiƙayi ko dandaƙaƙƙiyar ciyawa, abin da magina ke kira ramno. A mulmula 'yan tubala kamar ƙwallon dabino, a bari su sha iska, sannan a jera su a yaɓe. A inuwa ake shanya ginin, ranar Maiduguri ta watan Afrilu ba ta yi wa ɗanyen yumɓu da daɗi.

Kada a gasa. Yumɓun da bai ga wuta ba ruwa ɗaya ya ishe shi ya koma laka, wanda aka gasa kuwa ya zauna ke nan. Shaida ita ce jan tubalin Birnin Ngazargamu, wanda har yanzu ake tsinta a kufai alhali birnin ya faɗi tun 1808.

Wanda ya gina soro zai buƙaci azara da indararo da zanko, wanda ya gina ɗakin ciyawa zai buƙaci jinka da tanka da shuci. Jinkar 'yartsana da tsinken tsintsiya ake yi, a ɗaure kansu wuri ɗaya a baza ƙasan. Rumbu kuwa a mulmula shi kamar tulu, a ɗora bisa 'yan tsakuwa uku ko huɗu, a kifa masa tasa jinkar. Murhu tsakuwa uku ne. Rijiya, a zagaye ɗan rami da laka, a yi guga da ɓarin kwanson gyaɗa.

Bishiya, gam da launi

Bishiyar Maiduguri sananniya ce, ita ce wadda aka shigo da ita lardin Borno a 1928 ta mamaye tituna. Sunayenta kaɗai darasin karin harshe ne: dogonyaro, darbejiya ko dalbejiya, a Sakkwato da Nijar bedi, wasu wurare maina. Yaran Barebari kan ce kəska ga kowace bishiya, fato kuma ga gida, suna jefa su cikin Hausarsu ba tare da sun lura ba. Ana yin ƙaramar bishiya da busasshen reshe mai rassa ko da soshiya. A shafa gam a rassan, a barbaɗa dakakken ganye. Garin kuka ya fi riƙe korensa, amma uwar gida ba za ta yarda ba, kiyashi kuma zai yarda fiye da kima. Busasshen ganyen darbejiya ya fi, domin ƙwari ba sa son sa, yana kuma rage wa gara kwaɗayin karan.

Gam ɗin ƙaro ne, wanda ke fita a jikin dakwara, Borno da Yobe kuma gidansa ne. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san shi a cikin tawada. A jiƙa shi ya kwana, da safe ya zama ruwa mai danƙo. Idan babu, a dama sitacin rogo.

Launi ma ba sai an je kanti ba: farar ƙasa, jar ƙasa, gawayi, shuni, lalle, da karan dafi da dukawa ke rina jar fata da shi. A lura cewa sunayen launi da yawa a Hausa sunayen kayan nan ne. Rawaya tsiro ne da saiwarsa ke ba da wannan launi. Ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, duk harɗaɗɗun sunaye ne masu tsarin ruwa da mahaɗi da sunan abu. Yaron da ya taɓa rina bango da toka ba ya buƙatar a fassara masa ruwan toka.

Abin da nahawu ya samu

Abu biyu ne ke yawan fitowa a bakin masu wannan wasa. Na farko ƙanƙantawa da ɗan, 'yar da 'yan: ɗan ɗaki, 'yar rijiya, 'yan tukwane. Waɗannan ba su nufin haihuwa kamar a ɗan sarki, ba su nufin sana'a ko asali kamar a ɗan kasuwa da ɗan Borno. Suna bin jinsi da adadin sunan da ke gabansu, kuma ana iya jibga su da sifa: 'yar mitsitsiyar tukunya, 'yan mitsi-mitsin tubala. Wani lokaci ma tausasawa suke yi, kamar a "ɗan miƙo min", inda ɗan ya shiga gaban aikatau bai ƙanƙanta kowa ba.

Na biyu ninka aikatau don nuna maimaici, tun da aikin na yi-ka-sake ne: yanka, yayyanka, tsaga, tsattsaga, soka, sossoka, kafa, kakkafa, liƙa, lilliƙa. Ana ɗaukar baƙin farko da wasalinsa a sa a gaba, a ninka baƙin, wasalin kuma ya gajarce idan dogo ne. Na ji wata 'yar Shuwa da ba ta wuce shekara bakwai ba ta ce wa ƙawarta ta lilliƙa ganyen, ba ta yi kuskuren gaɓa ɗaya ba, mu kuwa sai da aka zana mana ƙa'idar a allo.

Abin da ke sauyawa

Tun daga 2009 rikici ya koro mutanen ƙauyuka da yawa zuwa Maiduguri da Jere, noma a bayan gari ya yi wuya na tsawon shekaru. Karan da a da ake tsinta a banza ya zama abin saye, ana rububinsa don girki da shinge da abincin dabbobi. Leda da murfin kwalba da fasasshen bokiti su ne suka yi arha. Duk wanda ya zaga unguwanni bayan ambaliyar 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ya ga yadda leda da roba suka maƙale a rassa da magudanai bayan ruwa ya janye.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne siffar gidan kanta. Yaro abin da ya gani yake ginawa. Na ga wasu da aka haifa a sansanin gudun hijira suna kafa tsinke huɗu su yafa leda, su ce ga ɗaki, ƙofarsa ma tamfol. Da na mulmula musu rumbu, wani ya ce tukunya ce, wani ya ce tankin ruwa. Kakarsu ce ta karɓa ta juya shi a hannu, ta gyara masa baki, ta fara ba su labarin nasu da suka baro, da yawan damin da yake ci. Kafin la'asar sun yi guda biyar, sun kuma san dami da zangarniya da sussuka.

Wanda zai gwada wannan da yara ya kiyaye abu biyu: kada ya tura su haƙar laka a gaɓar kogin Ngadda su kaɗai, kada kuma su tsinci wani ƙarfen da ba su sani ba a daji, domin akwai abubuwan fashewa da rikici ya bari.

Aiki

A hutun nan kowane ɗalibi ya zauna da yaro ɗaya da tsoho ɗaya a unguwarsu, su gina gidan 'yartsana tare. Ya raba takarda gida uku: kalmomin da dukansu suka sani, waɗanda tsohon kaɗai ya sani, da waɗanda yaron kaɗai ya sani. Ya rubuta jinsi da jam'in kowace, da harshen da ta fito idan ararriya ce. Gida na uku ba zai zama fanko ba, a rubuta shi da kulawa kamar sauran biyun.