Darasi: Zaɓen Shuka Mai Hawa

Jama'a, darasinmu na yau a kan shuke-shuke masu yaɗo ne, waɗanda ke hawa rumfa da shinge. Ya fi shafar mazauna ƙasa mai zafi da laima, kamar Lakwaja da Bida da Kafancan, inda damina takan kai wata 6 ko 7. A irin wannan ƙasa yaɗo yana saurin girma ƙwarai. Wanda ya shuka bai zaɓa ba, shi da kansa zai sare.

Kafin ka shuka, tambayi kanka abu uku. Mene ne amfaninsa? Me zai ɗauki nauyinsa? Yana da dafi?

Mu fara da amfani. Soso yana da fure rawaya, yana rufe rumfa cikin damina ɗaya, in 'ya'yansa sun bushe a yi wanka da wanke-wanke da su. Garahuni ba shi da nauyi, ko dangar kara tana ɗaukarsa, ana cin ganyensa. Ugu na kudu maso gabashin Nijeriya ne, yana son ruwa, ganyensa na miya ne. Amma akwai namiji akwai mace, saboda haka shuka da yawa in kana son iri. Waɗannan duk sun saba da ƙasarmu, ba su da wuyar reno.

Sai nauyi. Ciwo, wanda ke hawa itatuwa a kurmi, yana da farin fure mai ƙanshi da 'ya'ya masu tsami. Amma jikinsa itace ne, rumfar kara ba ta iya masa. Haka kuma bogenbiliya, furen nan mai launin ja ko shunayya da ake gani a ƙofar ofisoshi. Baƙuwa ce daga ƙasar Birazil. Tana da ƙaya, tana son rana, ta fi yin fure da rani. Sai a kafa mata dirka mai ƙarfi.

Kada ka bar yaɗo ya hau katangar ƙasa ko jinka. Ganye yana tsare iska, laima ta zauna, katanga ta jiƙe, ciyawa ta ruɓe. Kafa rumfarka taku 2 ko 3 daga bango, ka riƙa rage rassa da wuƙa.

Na uku shi ne mafi girma, wato dafi. Idon zakara yana da 'ya'ya ja da ɗigon baƙi, yara suna son wasa da su. In aka tauna, ƙwaya kaɗan tana iya kisa. Gatarin kurege yana da fure ja da rawaya mai kyaun gani, amma saiwarsa dafi ce, ga ta kuwa kamar ƙaramar doya. Su ma na ƙasarmu ne, amma zama ɗan gida bai sa su zama abin amincewa ba. Gidan da ke da yara ko awaki, kada a shuka su. In yaro ya ci, a kai shi asibiti nan da nan, a tafi da abin da ya ci.

Tambayoyi

1. Faɗi abu uku da za ka duba kafin ka shuka.
2. Don me ba a barin yaɗo ya hau katanga?
3. Rubuta sunan shuka biyu masu dafi.