Darasi: Mudun Kasuwa, Mudun Annabi da Sikelin Masallaci

Duk shekara idan kaka ta yi, rahotannin zakkar hatsi kan iso mana daga kwamitocin masallatai da ma'auni iri-iri. Wannan ya rubuta dami, wancan buhu, wani kuma tiya ko mudu. Idan muka zauna haɗa jimla sai lissafi ya ƙi fita, domin mudun wannan kasuwa ya bambanta da na waccan, kuma wani mai awo yakan cika har da tozo, wani ya shafe baki. Wanda ke cutuwa a tsakani shi ne miskinin da ke jiran rabonsa.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. Nisabin hatsi wasƙi biyar ne, kowane wasƙi sa'i 60, wato sa'i 300. Sa'i kuwa mudu huɗu ne da mudun Annabi (SAW), wanda shi ne cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, ya kuma fi mudun kasuwa ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Shaihu Yusuf Alƙardawi ya ƙiyasta wannan nisabi da kimanin kilo 653 na alkama. Haka kuma aka mayar da dinari 20 na zinariya giram 85, dirhami 200 na azurfa giram 595, kuma mun daɗe muna aiki da hakan ba tare da gardama ba.

Sai dai a lura: sa'i awon cika ne, kilo awon nauyi. Sa'in gero da na shinkafa ba za su yi nauyi ɗaya ba. Saboda haka muna roƙon kowane kwamiti ya tanadi sikeli, ya auna sa'in kowane hatsi a gaban liman da manoma, ya rubuta nauyinsa, ya liƙa a masallaci. Daga nan sai a riƙa rubuta abin da aka karɓa da wanda aka raba da kilo.

Masu ba da waƙafi, sikeli ɗaya ga masallacin ƙauye sadaka ce mai gudana. Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi mai tsanani ga masu tauye awo, kuma mu da muke riƙe da haƙƙin talakawa mu ne muka fi cancantar jin tsoronsa. Allah Ya sa mu cika mudu, Ya karɓa mana.