Tafiya a ƙafa zuwa Santiago ba tare da ɗan jagora ba

A arewacin Sifaniya akwai wata hanya da mutane suka fi shekara dubu suna takawa zuwa birnin Santiago de Compostela, inda Kiristoci suka yi imani an binne Yaƙub, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa goma sha biyu. Ana kiranta Camino de Santiago. A shekarar 2024 kusan mutum dubu 500 ne suka karɓi takardar shaidar isa birnin. Wasu ibada ce ta fito da su, wasu motsa jiki, wasu kuma ganin ƙasa. Doguwar tafiyar ƙasa ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe, tun da kakanninmu sun taka daga Kano da Katsina ta Borno da Chadi da Darfur har bakin Bahar Maliya don sauke farali. Bambancin shi ne su sun fita ba su san ranar dawowa ba, kai kuwa hutun aiki aka ba ka, da biza mai wa'adi.

Ba ka bukatar ɗan jagora a wannan hanya. Tun cikin shekarun 1980 wani limamin coci na ƙauyen O Cebreiro, Elías Valiña, ya fara zana kibiyoyi masu ruwan ɗorawa a bango da duwatsu da bishiyoyi, kuma har yau su matafiya ke bi. Ɓacewa tana da wuya. Abin da ke kayar da mutane shi ne lissafin da suka yi a gida ba tare da sun shawarci ƙafarsu ba.

Saboda haka ka fara da ƙirga kwanakin da kake da su, sannan ka zaɓi mafari. Hanyar da ta fi shahara ita ce ta Faransa, wadda ke tashi daga garin Saint-Jean-Pied-de-Port, ta bi ta Pamplona, Logroño, Burgos da León, kusan kilomita 780. Mai ƙoshin lafiya da ke cin kilomita 20 zuwa 25 a rana zai kwashe kwana 31 zuwa 39. Idan mako guda kake da shi, ka tashi daga Sarria, kusan kilomita 115, tafiyar kwana biyar ko shida. Mai mako biyu zai iya bin ta Fotugal daga Porto, kusan kilomita 240, wadda ba ta da hawa mai tsanani. A ganina wanda bai taɓa yin irin wannan tafiya ba ya fara da gajera. Sai dai ya sani daga Sarria ne cunkoso ya fi yawa, domin kilomita 100 ne mafi ƙarancin abin da mai tafiya a ƙasa zai taka kafin a ba shi takardar shaida, kuma jama'a da yawa iyakar abin da suke yi ke nan.

Wanda ya dage sai ya yi doguwar, ya yi hattara da ranar farko. Daga Saint-Jean zuwa Roncesvalles kusan kilomita 25 ne, ana ƙetare tsaunukan Pyrenees da hawan da ya haura mita 1,200, sannan a gangaro, kuma gangarar ce ke cin gwiwa. Jikinka bai saba ba, jakarka sabuwa ce a kafaɗa, ga gajiyar jirgi. Ka raba ta gida biyu, ka kwana a Orisson, kusan kilomita 8 daga mafari, amma gadajen wurin kaɗan ne, sai ka kama tun da wuri. Hanyar saman dutsen a rufe take daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Maris, lokacin ta kwarin Valcarlos ake bi. Ba laifi ba ne kuma ka fara daga Pamplona, ka bar wa wasu dutsen.

Batun lokaci gajere ne. Mayu da Yuni da Satumba sun fi daɗi. Kada ka ce ai ka saba da ranar Sakkwato, Yuli da Agusta ba za su dame ka ba. A filin da ke tsakanin Burgos da León inuwa kaɗan ce, kuma bayan Carrión de los Condes akwai kilomita 17 da ba ƙauye ko ɗaya. A Pamplona ana bikin San Fermín daga 6 zuwa 14 ga Yuli, masauki ya yi tsada ya kuma yi wuya. Duk shekarar da 25 ga Yuli ta faɗo ranar Lahadi shekara ce mai tsarki a wurin masu ziyarar, jama'a na ƙaruwa, kuma 2027 tana cikinsu. Yankin Galicia, inda hanyar ta ƙare, ruwan sama ba ya sanarwa, don haka rigar ruwa dole ce a kowane wata.

Ga mai fasfo na Najeriya ko Nijar ko Gana, shirin gaskiya daga biza yake farawa. Bizar Schengen ta gajeren zama tana ba da damar kwana 90 cikin 180, kuma ana nema ne a ofishin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, wato Sifaniya, ko da ta Faransa za ka shiga. Za a nemi inshorar lafiya da ta kai yuro dubu 30, da tikitin dawowa, da shaidar kuɗi a banki, da shaidar masauki. Nan ne gizo ke saƙa. Bature kan saɓa jakarsa ya kwana duk inda dare ya same shi, kai kuwa ana so ka nuna inda za ka kwana. Mafita ita ce ka rubuta jadawalin tafiyarka rana bayan rana, ka kama ɗakuna ko gadaje a masaukai masu zaman kansu waɗanda ake iya sokewa ko canza musu rana ba tare da tara ba. Ana karɓar takardun tun wata shida kafin tafiya, kada ka jira sai saura mako uku. Cikin jadawalin ka bar kwana ɗaya na hutu a kowane mako, da ƙarin kwana biyu a ƙarshe kafin ranar jirgi. Ƙafa na iya ƙin tafiya kwana biyu, amma wa'adin biza ba ya ƙaruwa saboda haka.

Kafin ka fara takawa ka mallaki ɗan littafin matafiyi da ake kira credencial. Ana samunsa a ofishin masu ziyara na Saint-Jean da manyan majami'u da masaukai da dama, kuɗinsa kaɗan ne. Shi ake buga wa hatimi a masauki da gidan shayi da coci, shi ne kuma ke ba ka izinin kwana a masaukan matafiya, waɗanda ake kira albergue. A kilomita 100 na ƙarshe hatimi biyu ake so kowace rana. Masaukan hukuma sun fi arha, wajen yuro 10 a Galicia, amma yawanci ba a kama gado tun da wuri, wanda ya riga zuwa shi ke samu, kuma dare ɗaya kawai ake yi. Ɗaki ne babba da gadaje masu hawa biyu, maza da mata a haɗe a mafi yawansu, ana rufe ƙofa da ƙarfe goma na dare, a sallami kowa da ƙarfe takwas na safe. Mace mai son sirri, ko ma'aurata, gara su ƙara kuɗi su kama ɗaki a ƙananan otal. Ka tafi da abin toshe kunne saboda minshari, ka kuma duba ɗinkin katifa saboda kuɗin cizo kafin ka shimfiɗa kayanka.

Kaya kuwa, ƙa'idar da matafiyan suka yarda da ita ita ce kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinka. Mai kilo 70 ya tsaya a kilo 7. Riga biyu ko uku masu saurin bushewa, wando biyu, safa uku masu kyau, rigar sanyi ɗaya, siririn bargo, silifa, hular rana, gorar ruwa. Kullum da yamma za ka yi wanki, don haka kaya da yawa wahala ce kawai. Babbar riga da tsarabar 'yan uwa su jira ka a Santiago, gidan wayar Sifaniya, Correos, yana aika kaya gaba ya ajiye, yana kuma ɗaukar jaka daga masauki zuwa masauki ga mai ciwon baya.

Takalmi ya fi komai muhimmanci. Ka saya wata biyu ko uku kafin tafiya, ya ɗan fi ƙafarka girma domin ƙafa na kumbura, ka riƙa takawa da shi da jakar a bayanka. Ka fara da kilomita 5, ka kai 10, ka kai 20, sannan ka gwada yin doguwar tafiya kwana biyu a jere, domin rana ta biyu ce ke faɗa maka gaskiyar jikinka. A hanya ka shafa basilin a ƙafa da safe, ka cire takalmi ka sha iska duk lokacin da ka zauna, kuma da ka ji wani wuri ya fara zafi ka tsaya ka manna filasta nan take, kafin ya zama bororo. Idan bororo ya yi ja ya fara ruwa, ka je kantin magani. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Musulmi yana da ƙarin shiri. Asalin hanyar ziyarar Kiristoci ce, ba a tambayar addinin kowa a masauki, kuma wanda ba ibada ta kawo shi ba akwai wata takardar maraba da ake ba shi a ofishin Santiago maimakon ta masu ziyara. Mai shakka ya tambayi malaminsa tun a gida, ya haɗa da tambayar kasaru. Abinci ne ke bukatar ido, domin naman alade yana shiga inda ba ka zata ba: miyar wake, romon ganye na Galicia, har cikin burodi. Ka haddace "sin cerdo", wato ban da alade, ka ambaci jamón da chorizo da sunansu, domin wani mai abincin ba ya lissafa su idan ka ce nama kawai. Wainar ƙwai da dankali tana ko'ina, ga kifi da cuku da 'ya'yan itace. Abincin matafiya na yamma yakan zo da giya a cikin kuɗinsa, sai ka ce ruwa kake so. A Irache, kusa da Estella, akwai famfo biyu a jikin bango, ɗaya ruwa ɗaya giya, ka duba kafin ka tara gora. Alƙibla daga can tana gabas ne, ta ɗan karkata kudu. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Galicia sai bayan ƙarfe goma na dare, wato magariba na iya riskarka an riga an kashe fitila, don haka tun da rana ka nemi kusurwar da za ka shimfiɗa ƙaramar dardumarka, ka gaya wa mai kula da masaukin.

Shagunan ƙauye kan rufe daga wajen ƙarfe biyu na rana zuwa biyar, da yawa kuma ba sa buɗewa ranar Lahadi, sai ka sayi guzurin Lahadi tun Asabar. Ka riƙe tsabar kuɗi kaɗan, ba kowane wuri ke karɓar kati ba. Famfon da aka rubuta wa "agua no potable" ba na sha ba ne. Idan ka isa Santiago da sauran ƙarfi da sauran kwanaki a bizarka, akwai ƙarin kusan kilomita 90 zuwa Fisterra a bakin Tekun Atlantika, tafiyar kwana uku ko huɗu, kuma akwai motar haya da ke dawo da mutane Santiago daga can.