Mushen tarwada ba abincin kaji ba ne

Tun da abincin kaji da na kifi suka yi tashin gwauron zabi, masu kiwo a Keffi ba sa barin komai ya tafi a banza. Mai tarwada kan wayi gari ya tsinci matattu a tanki, musamman a zafin Maris da Afrilu, sai ya watsa wa kaji da agwagi, ko ya tara a bokiti su yi tsutsa. In ka yi magana ya ce, "Likita, ai furotin ne." Wannan dabarar tana cikin abubuwan da ke yawan sa a kira mu, mu likitocin dabbobi.

A wata gona da ke hanyar Akwanga na tarar da agwagi kwance, wuya ya saki, baki a ƙasa, fatar ido ta rufe rabi. Na kama wata kaza, gashinta ya biyo hannuna ba tare da na ja da ƙarfi ba. Mai gonar ya rantse fakat ce, har ya sayo magani. Amma fakat murɗe wuya take yi, wannan kuwa sakinsa take. Bayan ɗakin kajin ga bokitin mushen kifi, tsutsa na ta motsi.

Sunan cutar botulizim. Ƙwayar da ke haddasa ta tana zaune a ƙasa da laka, kuma da zarar ta samu ruɓaɓɓen nama ga zafi, sai ta saki guba mai shanye jijiyoyi. Gubar ba ta yi wa tsutsa komai, tara ta kawai take yi a jikinta, shi ya sa 'yan ƙalilan sun isa su kayar da agwagwa. Shanyewar kan fara daga ƙafa, ta hau fiffike, ta kai wuya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya warware gubar da ta riga ta shiga jini.

To in aka dafa fa? Tafasa tana lalata gubar, amma ba ta gaya maka abin da ya kashe kifin. Sau da yawa mai shi ya riga ya zuba oxytetracycline a ruwa kafin su mutu. Wannan magani yana maƙalewa a ƙashi, dafuwa ba ta kawar da shi duka, kuma yana iya fitowa a ƙwan da za a kai kasuwa. Turawa sun ɗanɗana kuɗarsu da cutar haukan shanu da aka gano a Ingila a 1986, wadda ta yaɗu ta garin nama da ƙashi da ake sa wa shanu a abinci. Yau dokar Tarayyar Turai ta hana sa kifin da ya mutu da kansa a gona cikin abincin dabbobin kiwo. Ruwan tanki mai magani ma bai kamata a sake shi zuwa kogin Antau, inda shanu ke sha ba.

Kayan cikin lafiyayyen kifi da aka yanka don banda, wannan daban ne. A tafasa shi ranar, a shanya ya bushe ƙarau a kan raga, a niƙa, a gauraya kaɗan cikin dusa. In ya kwana ya fara wari, ya zama na rami.

Mushe kuwa a kwashe shi da sassafe, a ƙona ko a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba. In tsuntsaye sun fara kwanciya, a janye abincin, a kai su inuwa kusa da ruwa mai tsabta, a kira likita ya ɗauki samfuri, don a iya aikawa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom.