Amsoshin Wasiƙunku: Tarbiyyar Yara a Gidan Kirista

  Jakar wasiƙunmu ta yau daga Wudil ta cika, kuma wasiƙu uku da muka zaɓo duk kan yara suka tsaya.

Ta farko daga wata uwa ce da ke zaune kusa da makarantar horar da 'yan sanda. Ta ce: "Ina da yara uku, babban shekararsa 11, ƙaramar 5. Kowane dare muna sujadar iyali, amma kafin maigida ya gama karatu biyu sun yi barci. Yaya zan yi su fahimci girma cikin bangaskiya?"

Mama, sannu da ƙoƙari. Yaro da ido da hannu yake koyo, don haka ki ba su aikin yi. Ku karanta misalin mai shuka a Matiyu sura 13, sannan ku samo gwangwanin tumatir guda uku da tafin wake. Na farko ku cika shi da tsakuwa, ku yayyafa 'yar ƙasa a sama. Na biyu ku sa ƙasa mai kyau amma ku dasa ciyawa a ciki. Na uku ku sa ƙasar fadama, wadda ba ta yi muku wuya a bakin kogin Wudil, ku haɗa da ɗan taki. Ku shuka wake a kowanne. Ragowar ƙwayar kuma ku watsa a tsakar gida inda ƙafa ta tattake, ku zauna ku ga abin da kaji za su yi.

Kafin mako ya zagayo wake zai tsiro. Kada ki yi saurin yin wa'azi. Kowace yamma ki tambaye su: wanne ya fi tsawo? Wanne ya fara yaushi da rana ta buɗe? Me ya hana na cikin ciyawa sakewa? Sai bayan sun gani da idonsu za ku karanta fassarar da Yesu da kansa ya yi, daga aya 18 zuwa 23. A nan ne babban zai iya gaya miki ciyawar da ke shaƙe shi, ko waya ce, ko abokai.

Sai kuma mataki na biyu. Ki ba kowane yaro gwangwaninsa, ki ce ban ruwa a wuyansa yake. Wanda ya manta, kada ki zagaya ki zuba masa. Nan ne iyaye mata ke shan wuya, tausayi ba ya barinsu. Ki daure. Ranar da shukarsa ta bushe, ki bar shi ya ji zafin abin, ba dariya, ba gori. Washegari ki ba shi sabon iri. Da wannan ya koyi abu biyu a lokaci guda: sakaci yana da sakamako, kuma a wurin Allah akwai damar sake farawa. Ke ma akwai naki darasi a Markus 4:26 zuwa 29, inda manomi ke shuka ya kwanta ya tashi, iri na girma ba tare da ya san yadda aka yi ba. Naki shuka da ban ruwa, girma na Allah ne. Sujadar kuma ku rage ta zuwa minti goma, ku yi ta kafin tuwon dare.

Wasiƙa ta biyu daga wani magidanci ce mai sana'a a kasuwar Wudil. Ya ce: "Na aiki ɗana ranar Juma'a, ya ɓoye naira 200 cikin canji, ya ce ta faɗi. Na zane shi, na gaya masa ɓarayi wuta za su shiga. Tun ranar ba ya haɗa ido da ni. Na yi daidai?"

Baba, da ka ƙi kau da kai, ka yi daidai. Eli firist ya san abin da 'ya'yansa Hofni da Finehas ke yi, ya yi magana amma bai hana su ba, kuma littafin Sama'ila na fari ya nuna mana yadda gidansa ya ƙare. Sai dai Afisawa 6:4 ta ja kunnen ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi. Bulala kan koya wa yaro gudun kamu. Abin da kake nema shi ne ya ƙi satar ko ba ka nan.

Ga shawara. Ku zauna da iyalin ku karanta labarin Zakka a Luka 19. Yara su yi wasan kwaikwayonsa: wani ya hau turmi a matsayin itace, wani ya zama Yesu, sauran su zama masu gunaguni. Ka tambaye su: da Zakka ya tuba, me ya yi da hannunsa? Za su ce ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Bayan haka ka ja yaron gefe, ku biyu kawai. Ku daidaita yadda zai biya, ko daga kuɗin tara, ko ta wani aiki a shago. Ranar da ya cika, ya miƙa maka da hannunsa, ya nemi gafara, ku yi addu'a, maganar ta mutu. Kada a sake kiransa ɓarawo, ko da wasa. Horon da ya dace da laifi, kuma yana da ranar ƙarewa, shi ke gyara yaro. Kuma Baba, kai za ka fara neman sa, kamar uban nan na Luka 15 da ya hango ɗansa tun daga nesa.

Ta ƙarshe, wata kaka ce ta sa jikarta ta rubuto mana. Ta ce ba ta yi boko ba, me za ta koya wa jikoki?

Kaka, muna gaisuwa. Bulus ya shaida bangaskiyar Timoti, ya ce ta fara zama ne cikin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Jikar ta karanta, ke ki warware. Da dare, a kan tabarma, ki ba su labarin Yusufu da 'yan'uwansa, ki tsaya a daidai ramin da aka jefa shi, ki ce sai gobe. Waƙoƙin da kika haddace a Zumuntar Mata ma karatu ne, ki koya musu.

Lokaci ya cim mana. Mama, ki rubuto mana yadda waken ya yi. Mako mai zuwa za mu duba wasiƙun da suka shafi matasa da wayar hannu. Ubangiji ya albarkace ku, ya kiyaye ku. Ku huta lafiya.