Sunan fayil ba ya isa, sai an san gidansa

Shekaruna da dama ina riƙe da shagon buga takardu a Samaru Kataf, kuma galibin masu kawo mana aiki ɗalibai ne, wasu daga reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke nan garin, inda ake koyar da aikin gona, wasu daga Gidan Waya da Kafanchan, sai kuma malamai da ma'aikatan ƙaramar hukuma da ke biyowa a hanyarsu ta zuwa Zonkwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau wata mas'ala ce wadda ake raina ta saboda ƙanƙantarta, alhali kuwa na ga ta jawo asarar kuɗi da zubar hawaye a gaban idona, wato yadda ake neman fayil a kwamfuta ba tare da an kula da inda yake ajiye ba.

Wata rana da la'asar wata ɗaliba ta zo a buga mata kundin bincikenta na ƙarshe a kan noman citta, wanda muka yi kusan wata biyu muna gyara mata shi bisa ga abin da malaminta ya yi ta jan layi da jan biro. Yaron shagona ya rubuta kalmar citta a gurbin nema, kwamfuta ta jero masa fayiloli bakwai masu suna kusan iri ɗaya, ya ɗauki na sama ya buga kwafi huɗu, aka ɗinke su da bango mai kauri. Washegari ta dawo tana rawar murya, ta ce, "Baba, wannan ai tsohon ne, babu gyaran babi na huɗu a ciki." Na ce, "Zauna 'yata, yanzu za mu gani." Da na duba sai na tarar wanda aka buga yana cikin foldar da saƙonnin WhatsApp ke sauka, shi kuwa gyararren yana nan lafiya lau cikin foldar da muka buɗe da sunanta. Muka sake bugawa da kuɗin shago, domin hakkinta ne, amma kwana ɗaya da ta rasa da fargabar da ta kwana da ita babu mai iya biyanta.

Tun daga ranar nake tuna wani fanni da malaman hadisi suka ba muhimmanci, wanda Alhaɗibul Bagadadi, da ya rasu a shekara ta 463 bayan hijira, ya wallafa littafi sukutum a kansa mai suna Almuttafiƙu wal Muftariƙu, inda ya rarrabe maruwaitan da sunansu da na ubanninsu suka zo ɗaya amma mutanen daban ne. Malaman kuwa ba sa gane wannan daga wancan sai ta garinsa da malamansa da zamaninsa. Haka ma idan baƙo ya sauka a tashar mota ya ce Musa yake nema, abin da za a fara tambayarsa shi ne, Musa na gidan wa? Folda ita ce gidan fayil, kuma wanda ya nemi fayil da suna kaɗai ya bar wa kwamfuta zaɓin da shi ya kamata ya yi.

Hanya mafi sauƙi, wadda nake fara koya wa duk yaron da ya zo koyon aiki, ita ce kada a fara nema daga gurbin da ke ƙasan allo kusa da tambarin Windows, domin shi yana tattaro komai ne, har da manhajoji da abubuwan intanet. A buɗe File Explorer, a shiga foldar mai aikin tukuna, sa'an nan a rubuta abin da ake nema a gurbin da ke sama ta hannun dama, saboda wannan gurbi ba ya ƙetare foldar da ake ciki da ƙananan foldodin da ke ƙarƙashinta. Idan ma ana so ya tsaya a ita kaɗai, akwai zaɓi biyu cikin tsarin neman, Current folder da All subfolders, sai a danna na farkon.

In kuwa mutum bai tuna inda foldar take ba amma yana tune da sunanta, sai ya rubuta kalmar da yake nema, ya bar tazara, ya ƙara folder: ya liƙa sunan foldar a jikinta, kamar a ce babi folder:citta, nan take za a zubar da duk wani babi da ba na wannan gida ba. Kuma lalle kafin a buɗe ko a buga, a mai da jerin sakamakon zuwa tsarin da ke nuna bayani dalla-dalla, a karanta layin da ke faɗin mazaunin kowane fayil. Wanda aka yi kokwanto a kansa a danna shi da maɓallin dama na linzamin kwamfuta a zaɓi Open file location, a je a gan shi cikin 'yan'uwansa.

Wani zai ce ai duba kwanan wata ya wadatar, a ɗauki na baya-bayan nan kawai. Ban yarda da wannan ba, domin yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, kuma ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe agogonsu ya daɗe da mutuwa a da yawa daga cikinsu, ta yadda duk sa'ad da aka ɗauke wuta sai agogon ya koma shekarun baya, aikin jiya ya fito da kwanan watan da ya girmi na bara. Ban da haka, tsohon fayil da aka buɗe bisa kuskure aka sake adanawa yakan haye sama ya zama kamar shi ne sabo, kuma abin da ya faru da kundin citta ke nan.

Saura batun fihirisa, wadda ita ce asirin saurin neman. Windows ba ta bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya a duk lokacin da aka tambaye ta. Tana da fihirisa da ta tanada tun da wuri, kamar wadda ake sawa a ƙarshen manyan littattafai, kuma bisa al'ada ba ta shigar da komai ciki sai foldodin takardu da hotuna da waƙoƙi da abin da ke fuskar allo. Tun sabuntawar Windows 10 ta watan Mayu 2019 aka ƙara zaɓin Enhanced mai game kwamfutar baki ɗaya, amma ni ban cika ba masu shago shawararsa ba, saboda yana cin lokaci da caji wajen haɗa fihirisar, ga mu kuma da janareta muke aiki, sa'an nan yana ƙara yawan tarkacen da ke fitowa. Abin da ya fi shi ne a shiga Indexing Options a ƙara foldar aiki da hannu, a cire foldar da ake jibge tsofaffin kwafi. Filash ɗin da ɗalibai ke kawowa kuwa ba ya shiga fihirisa, shi ya sa nema a cikinsa ke da nawa, kuma shi ya sa muke kwafe aikin zuwa kwamfutar shago kafin mu taɓa shi.

A shagona yanzu kowane mai aiki yana da folda guda da sunansa da shekara, a cikinta akwai wata ƙarama da muka sa wa suna tsoho, inda kowane kwafi ke komawa da zarar an yi sabon gyara, ta yadda fayil ɗaya tak ke zama a fili. Kafin a danna bugawa kuma, yaron yakan juya allon wajen mai aikin, ya karanta masa sunan foldar da babbar murya, ya buɗe shafin da aka yi gyara na ƙarshe, sai mai aikin ya ce shi ne, sa'an nan a sa takarda a inji.